Shafina Nake Nema

Ni mai walda ne a Panteka, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma na yi kusan shekara uku a gidan mari, daga 2011 zuwa 2014. Ba zan faɗi sunan gidan ba, ba zan faɗi na malamin ba, don maganar tana hannun lauya. Gida ne a wata unguwa ta bayan garin Kaduna, mai doguwar katanga da aka dasa wa fasassun kwalabe, ga allo a bakin ƙofa an rubuta makarantar gyaran tarbiyya ce.

Ina da shekara 17 aka kai ni. Na faɗa shan wiwi da benelin tare da abokai, na bar zuwa makaranta ina aji biyar na sakandare. Baba yana fama da hawan jini, ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya gaji. Kawu, ƙanensa, shi ya kawo shawarar wurin. Aka ce in shirya za mu je gaisuwar mutuwa. Muna shiga aka ja ƙofa.

A ranar aka saka mini mari. Yau da nake sana'ar ƙarfe na san ko wane iri ne: rodin gini ne mai milimita 12, an lanƙwasa shi zobe biyu, an haɗa su da guntuwar sanda da ba ta kai taki guda ba. Babu kwaɗo, babu mabuɗi. Ɗora ƙafarka ake yi kan wani guntun ƙarfen dogo, a matse bakin zoben da guduma. In maƙerin ya kuskure, ƙashin idon sawunka ne zai sha. Da shi za ka kwana, da shi za ka yi alwala, da shi za ka yi sujada. Tsatsa takan ci fata, wurin ya yi ruwa, ƙuda ya bi. Har yanzu ba na iya tsayuwar yini guda a bakin aiki ba tare da ƙafar dama ta kumbura ba. Sauran abubuwan da aka yi mana, duka da yunwa da ratayewa da abin da ake yi wa ƙananan yara da dare, na faɗe su a gaban lauya, kuma zan maimaita su a gaban alƙali. A nan maganar littafi zan yi.

Da yake na iya rubutun boko, bayan wasu watanni aka riƙa kirana ɗakin malam in rubuta lissafin cefane. Littafi ne mai bangon kwali, irin wanda masu shago ke rubuta bashi. Masara tiya kaza, manja kwalba kaza, itace, kuɗin ruwa, kuɗin maƙeri. Mataimakin malam yana faɗa, ina rubutawa. A kan teburin nan kuma akwai babban littafi, baƙi, wanda ba ni da izinin taɓawa, amma sau da yawa a buɗe yake a gabana. Kowane mutum da shafinsa: sunansa, wanda ya kawo shi, lambar wayarsa, laifin da aka ce ya yi, kuɗin wata da sunan mai biya. A ƙasan shafi akwai layi guda da ake cikewa ran da mutum ya bar gidan. Ko dai "an sallama", ko "ya gudu".

A cikin wannan littafin na ga mutuwar mahaifina. Wata safiya a 2013 iska ta buɗe shafuka, na hango sunana. A gaban sunan Baba an ƙara kalma ɗaya da jan biro: marigayi. Ƙasa da ita, watannin da suka biyo baya duk an biya, kuma sunan Kawu ne a gurbin mai biya. Ba wanda ya kira ni ya yi mini ta'aziyya. Mataimakin malam yana cewa "gishiri leda biyu", ni kuwa ina rubutawa hannuna na rawa. Na ƙara fiye da shekara a gidan bayan wannan ranar. A cikin wannan shekarar aka raba gado, aka sayar da gidanmu, aka ce kasona yana hannun Kawu tunda ba ni cikin hayyacina.

Akwai kuma yaron da zan kira Ɗanlami, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Bai wuce shekara 14 ba. Farfaɗiya gare shi, aka kawo shi a kan aljanu ne. Kusa da ni yake kwana. Da damina ya kamu da gudawa, ya yi ta zubarwa har ya kasa ɗaga kai, abin da ake ba shi kawai rubutu. Wani dare ya daina nishi. Kafin kiran assalatu manyan ɗalibai biyu suka shigo, suka naɗe shi a tabarmar da yake kai, suka fita da shi. Da hantsi aka kira ni lissafi, aka ce in rubuta: alawayyo yadi biyar, sabulu, turare, kuɗin mota, sadakar masu haƙa. Na rubuta, na sa kwanan wata kamar kullum. Bayan kwana biyu na ga shafinsa a babban littafi. An cike layin ƙasa: ya gudu.

Fitowata ba wani abin labari ba ce. Yayan mahaifiyata ya zo daga Funtuwa ya tada ƙayar baya, ya ce ko a ba shi ni ko ya tara unguwa. Aka kira maƙeri ya buɗe zoben.

Shekara biyar na yi ban faɗa wa kowa komai ba sai mahaifiyata. Wa zai yarda? Ɗan ƙwaya ne ke magana a kan malami. Sai ƙarshen watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala a baya, har da waɗanda aka kawo daga ƙasashen maƙwabta. Aka kwashe su zuwa filin wasa na Ranchers Bees, daga baya sansanin alhazai na Mando. Cikin makonni kaɗan aka fasa irinsu a Daura da Katsina da Zariya, aka sake fasa wani a nan Kaduna, har Ilori da Ibadan abin ya kai. Ina shago na ga hotunan a wayar wani yarona, na ajiye abin da ke hannuna na zauna a ƙasa. Gidan da na zauna ba ya cikin waɗanda aka nuna a talabijin, amma guguwar ta biyo ta kansa. Maƙwabta sun shaida mini cewa jami'ai sun zo, sun sallami mutanen ciki, sun tafi da malam, sun kuma cika buhu da littattafai da takardu sun sa a mota.

Tun daga ranar nake bin sawun wannan buhu.

Da farko don kaina nake nema. Na je wa Kawu da maganar kasona, a gaban manyan dangi. Ya rantse bai taɓa biyan ko kwabo ba, wai Baba ne ya biya kuɗin shekaru gaba ɗaya kafin ya rasu, shi kuwa bai ma san ina ciki har lokacin ba. Na ce na gani da idona. Ya dubi mutane ya ce, "Kun ji ko? Abin bai sake shi ba." Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ka bar wa Allah." Na bar wa Allah abubuwa da yawa, amma shafin da ke ɗauke da sunan mai biya da kwanan wata yana nan a duniya, a cikin wani ofis, kuma da shi ba sai an auna hankalina kafin a karɓi maganata ba.

Sai kuma na gano mahaifiyar Ɗanlami. Na riƙe sunan unguwarsu da sana'arta tun yana ba ni labari da dare, na yi ta tambaya har aka nuna mini inda take suyar awara. Abin da aka faɗa mata shi ne ya haura katanga ya gudu. Ta ba da cigiya a rediyo, ta zaga tashar Kawo da hotonsa, ta je Kano, ta je Zariya, ta sayar da akuyoyinta ta ba masu duba. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata abin da na sani. Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana juya awara a cikin mai, sannan ta ce, "Ɗana, kai ka ga fuskarsa?" Na ce, "Inna, duhu ne, amma a gefena yake, na ji lokacin da numfashi ya tsaya, na ga an fita da shi a tabarma." Ta ce, "Tabarma ka gani." Ba ƙaryata ni take yi ba. Malami mai gemu da carbi ya ce mata ɗanta na raye, ga wani baƙo mai tabo a ƙafa ya ce ya mutu, wanne uwa za ta zaɓa? Har yau ba ta yi masa sadakar mamaci ba. Na ce mata akwai shafi da rubutun hannuna, mai alawayyo yadi biyar da sadakar masu haƙa, a ranar da aka ce ya gudu. Ta ce in an samo a kawo mata, za ta sa jikarta ta karanta mata.

Yadda neman ya kasance, duk wanda ya taɓa bin takarda a ofisoshinmu ya sani. Wannan ya ce littattafan suna wurin masu bincike. Masu bincike su ce an miƙa wa masu gabatar da ƙara. Can a ce shari'a na gaban kotu, ba a taɓa kayan shaida. Wani ya ce an yi sauyin ofis, kaya na sito, mai mabuɗi ya yi ritaya. Wata ma'aikaciya mai kirki ta rage murya ta ce mini, "Malam, ka yi sauri, siton nan yana yoyo." Wannan maganar ta hana ni barci fiye da duk wulaƙancin da na sha, domin gara da ruwan sama ba sa jiran a gama ɗage shari'a.

A haka na haɗu da wasu da suka zauna a gidan, muka riƙa haɗuwa bayan sallar Juma'a. Wata lauya ta karɓi maganarmu ba ta nemi ko sisi ba. Ita ta buɗe mana ido a kan dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Dokar ta ce hukuma ta amsa buƙata cikin kwana 7. In ta ƙi, kana da kwana 30 ka garzaya kotu. Dokar ta yarda a hana bayanin da ya shafi sirrin wani, amma in mai sirrin da kansa ya amince, a bayar. Wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani. Jami'in da ya lalata takarda da gangan kuwa hukuncinsa ɗaurin aƙalla shekara guda. Shekaru da dama jihohi suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilu na 2025 cewa ta hau. Ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda ta ba kowa haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kansa. Doka dai ga ta nan. Abin da ya tsaya mana a gaba siyasa ce.

Mun je wurin wani ɗan siyasa gabanin zaɓe. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya duba ƙafata, ya yi salati, ya ce in Allah ya ba shi kujera wannan ne aikinsa na farko. Allah ya ba shi. Da muka koma, na ce, "Ranka ya daɗe, mun zo a kan alkawari." Ya ce ya tuntuɓi manya, maganar tana da nauyi. Malamai za su ɗauka ana yaƙar karatun addini ne. Iyayen da suka kai 'ya'yansu suna da yawa, cikinsu akwai masu faɗa a ji, ba za su so a ga sunayensu ba. Abokan hamayya kuma za su mai da abin makami. Ya rufe da cewa garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta, rufin asiri ya fi mana alheri mu kanmu.

Na yi ta juya wannan kalma ta rufin asiri, domin ban raina ta ba. Na san abin da ke cikin babban littafin nan. Akwai shafin yarinyar da aka rubuta wa laifin da in ya fita aurenta zai mutu yau. Akwai wanda yanzu limami ne a unguwarsu, an rubuta masa sata. Akwai iyayen da suka kai 'ya'yansu suna kuka, don asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ya fi ƙarfin aljihunsu ko don ba wanda ya taɓa gaya musu farfaɗiya tana da magani. Shi ya sa da wasu matasa suka zo suka ce in littafin ya fito a ɗauki hotonsa a watsa a Facebook kowa ya gani, na ce ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Amma asirin wa aka rufa a 2019? An jera mutane a gaban kyamara, an ɗaga musu riga duniya ta ga bayansu, an nuna fuskokin yara ƙanana a kowace tasha. Ba wanda ya nemi izininsu. Na san wanda har yau a unguwarsu "ɗan mari" ake kiransa saboda hoton nan, ya nemi aure sau da dama ana hana shi. Namu asirin an riga an tona shi a bainar jama'a. Abin da ya rage a rufe shi ne takardar da ke nuna wa ya kawo, wa ya biya, wa ya karɓa, wa ya mutu. Maganar malamai kuwa, ni ma ɗan makarantar allo ne kafin boko, malamin da ya koya mini Fatiha bai taɓa ɗaure kowa ba, kuma babu abin da littafin nan zai rage masa. Wanda ya rubuta "ya gudu" a kan gawa shi ya ci mutuncin malanta.

Lauyarmu ce ta fara ba mu labarin ƙasar Ayalan, daga baya na bi na karanta da kaina. A can akwai gidajen da ake kai matan da suka yi ciki ba aure, galibi a hannun coci, da sanin gwamnati. Wata mata mai binciken tarihin garinsu, Catherine Corless, ta bi takardun mutuwa ɗaya bayan ɗaya da kuɗin aljihunta, ta gano yara 796 da suka mutu a gidan garin Tuam tsakanin 1925 da 1961 ba tare da an rubuta inda aka binne su ba. Aka kafa hukumar bincike. A watan Oktoba na 2020 gwamnati ta kawo dokar da mutane suka fahimci za ta bar takardun hukumar a kulle shekara 30. Tsofaffin da aka haifa a gidajen suka ce kafin nan sun mutu. Ƙasa ta ɗauki zafi, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta sauko ta ce kowa na da haƙƙin neman bayanin da ya shafe shi. Rahoton da ya fito a Janairun 2021 ya ce yara kusan 9,000 suka mutu a gidaje 18 daga 1922 zuwa 1998, firaminista Micheál Martin ya nemi gafara a majalisa, a 2022 kuma aka yi dokar da ta ba mutane damar karɓar takardun haihuwarsu da na farkon rayuwarsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hujjar da aka riƙa ba su shekara da shekaru: kare sirrin wasu. Ita ce dai aka ba mu a Kaduna.

Kanada kuma ta koya mini ɗaya gefen. Yaran 'yan asalin ƙasar kimanin 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana. Da aka zo biyan diyya, kusan mutum 38,000 suka ba da labarin abin da aka yi musu, bisa alkawarin sirri. Rigima ta tashi a kan a ajiye bayanan don tarihi ko a lalata su. A 2017 Kotun Ƙolinsu ta ce za a lalata su a 2027, sai dai wanda ya zaɓi a ajiye nasa. Wasu sun ji zafin hukuncin, wasu sun ji daɗi. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne an bar zaɓi a hannun wanda aka cuta.

Mu a nan mun saba da binne rahoto. Kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, wanda Obasanjo ya kafa a 1999 don bin diddigin take haƙƙin ɗan Adam, ya saurari mutane a idon duniya, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, sai ƙungiyoyi ne suka sake shi. In an yi haka da maganar manyan ƙasa, ina ga buhun littattafan yaran talakawa? Alhali a garin nan muke da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da kuma Arewa House, inda ake ajiye wasiƙun Turawan mulki da lissafin harajin shekara ɗari, ɗalibai na zuwa suna karantawa. Wurin ajiya bai gagare mu ba.

Abin da muka rubuta a takardar buƙatar da muka kai wa hukuma bai da yawa. A fito da littattafan daga sito, a ƙirga su a gaban lauyoyin kowane ɓangare, a ɗauki hoton kowane shafi a kwamfuta kafin ruwa ya gama da su. Duk wanda ya zauna a gidan a ba shi kwafin shafinsa mai hatimi, shi kaɗai, a rufe sunayen sauran. Wanda aka rubuta wa "ya gudu" kuma har yau bai koma gida ba, a ba iyayensa nasa shafin, a haɗa da littafin cefane na wannan makon, a kuma tambayi waɗanda suka karɓi kuɗin mota ina suka kai. Wanda ba ya son a sake ambaton sunansa har abada a mutunta shi. Cikinmu ma akwai mutum biyu da suka ce su kam a ƙone nasu, kuma ba mu yi musu gardama ba.

Kwana 7 ɗin doka sun wuce ba amsa, don haka lauya ta shirya takardun kotu. Ta ce ƙarar za ta fi ƙarfi in akwai uwa a cikin masu nema. Na koma wurin Inna na yi mata bayani, na gaya mata za a iya kiranta gaban alƙali, za a iya yi mata tambayoyi masu zafi, dangin malam ma suna iya zuwa ba ta haƙuri ko su tsorata ta. Ta ce ta ji. Ranar Litinin jikarta ta rako ta ofishin lauya a Keke Napep, aka karanta mata takardar da Hausa daga farko har ƙarshe, ta sa a maimaita mata wurin da ya ambaci littafin cefane, sannan ta dangwala yatsa. Sunanta ne na farko a jerin masu ƙara, nawa na biyu.